Yadda ake ba direban tasi tukuici in ka je wata ƙasa

In tafiya ta kai ka wata ƙasa, galibi mutum na farko da kuɗi zai fara haɗa ku daga fitowarka filin jirgi shi ne direban tasi, kuma a nan mutane da yawa ke rikicewa, ya sauke ka, mita ta nuna kuɗi, to iya abin da ta nuna za ka miƙa ko sai ka ɗora wani abu a kai? Amsar tana ga ƙasar da kake, don haka tun kafin ka hau jirgi ka bincika al'adarsu.

Mu fara da Amurka tunda can abin ya fi tsanani. A wajensu tukuicin direba ba alheri ba ne da sai ka ga dama, kusan haƙƙi suka ɗauke shi, ana ɗora kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin mota. Lissafin ba wuya, raba kuɗin gida goma ka ɗau kashi ɗaya ka ninka shi biyu, in mita ta nuna dala 30 ka ga dala 6 ke nan, sai ka ba shi 36, in 35 ka bayar ma ba laifi. A tasi ɗin New York in da kati za ka biya akwai ɗan allo a gabanka a kujerar baya, zai nuno maka 20, 25 ko 30 cikin ɗari ka zaɓa, kar ka ɗauka dole sai ɗaya daga ciki, akwai wajen da za ka rubuta abin da kake so da kanka. Ni dai ina ganin bai kamata baƙo ya tsallake wannan ba, domin direbobi da yawa hayar motar suke yi, su sha mai da kuɗinsu, sai sun cire duk wannan kafin su ga na cefane, in ka hana shi wallahi aljihunsa ka taɓa. In kuma ya ɗaga maka manyan akwatuna ka ƙara dala 1 ko 2 kan kowane.

Turai da sauƙi, cike kuɗi kawai ake yi. A Landan in fam 18 da 'yan kai ne ka ba shi 20 ka ce ya riƙe canjin, wasu su ba da kashi 10. Faransa ma haka. Jamus ce ke da ɗan tsari da ya kamata ka sani, ba wai ka karɓi canji sannan ka mayar masa da wani abu ba, a'a, tun kana miƙa kuɗin za ka faɗi nawa kake so ya cira, misali mita ta ce yuro 17.60, ka miƙa 20 ka ce 19, sai ya maido maka 1. Kuma ka kula, in ka miƙa babbar takarda kana cewa na gode zai iya ɗauka ka bar masa canjin duka, to riƙe godiyarka sai canji ya shigo hannunka. Jamusawa Trinkgeld suke ce masa, Faransawa su ce pourboire, duka ma'anarsu kuɗin shan wani abu, ka ga ko daga sunan ka san ba abu mai yawa ake nufi ba.

Japan kuwa kar ma ka fara. Direba ne da farin safar hannu, ƙofar baya da kanta take buɗewa ta rufe, ba sai ka taɓa ba, zai ƙirgo maka canjinka cif ko yen 10 ne, in ka bar masa sai ya zaci mantawa ka yi ya kira ka ya ba ka abinka. Su a ganinsu aiki mai kyau yana cikin kuɗin da ka riga ka biya, in ka dage sai ya karɓa nauyi kawai kake ɗora masa. Koriya ta Kudu, Sin da Singafo ma ba a jiran komai daga wajenka, Ostireliya in ka bar canji za a karɓa, in ba ka bari ba ba wanda zai ɓata rai.

A Masar bakshish, wato tukuici, ya shiga kusan kowace hidima, amma abin da ya fi muhimmanci a can shi ne in motar ba mita ku gama ciniki kafin ka zauna, daga baya ka ɗora ɗan wani abu in ka ji daɗin tafiyar. Dubai a kan cike zuwa dirhami 5 ko 10 na gaba, Turkiyya ma cikewa ake yi.

Masu kiran mota ta waya, Uber ta saka wajen ba da tukuici a manhajarta tun 2017, bayan ka sauka za ta tambaye ka, ka bi al'adar ƙasar da kake kawai.

Abu ɗaya da zai sauƙaƙa maka duk wannan, ka tanadi ƙananan kuɗin ƙasar tun a filin jirgi, kar ka ba direba silallan wata ƙasa don ba inda za su canza masa su. In kuma ya ƙi kunna mita ko ya zagaya da kai da gangan don kuɗi ya hau, ko a Amurka ne ba ya bin ka komai bayan kuɗin mota, ka karɓi rasit ka rubuta lambar motar.