Darasi na Bakwai: Zaɓen Kazar da Ke Yin Ƙwai a Akurki

A yawancin gidajenmu na karkara, daga Bichi har Ringim, kaji sakakku ne. Da safe a watsa musu tsaba, su fita kiwo, da magariba su dawo. Kiwon yana da sauƙi, kaza kuma tana samun walwala. Amma akwai wata asara da ba a cika lissafawa ba, wato ƙwan da kaza ta je ta yi a wani wuri: ƙarƙashin rumbu, bayan danga, cikin tarin karan dawa, ko a gidan maƙwabta. Wani damo ya sha, wani gafiya ta ja, wani kuma ba a ganinsa sai ya lalace.

Mu yi lissafi tare. A ce kina da kaji 20, kuma kullum ƙwai 2 suna ɓacewa. A kwana 30, ƙwai 60 ke nan. Kiret ɗaya yana cin ƙwai 30, don haka kiret 2 sun tafi a wata guda. Ki tambayi kuɗin kiret a kasuwarku, ki ninka sau biyu, ki rubuta a littafinki.

Ko an tsinci ƙwan ma, bai kai na akurki daraja ba. Ɓawon ƙwai yana da 'yan ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Idan ya kwanta cikin kashin kaji ko laka, ƙwayoyin cuta suna iya shiga ta nan. Wankewa kuma tana cire wani siririn rufi da ke kare ɓawon, sai ƙwan ya yi saurin lalacewa. Idan ya fashe a ƙasa kaji suka ɗanɗana, sai su koyi shan ƙwai, halin da ke da wuyar bari.

Yadda muke zaɓen iri ba mu sani ba

A nan nake son mu tsaya sosai, domin shi ne zuciyar darasin.

Ki duba abin da ke faruwa a gida. Kazar da ke shiga akurki ta yi ƙwai, kullum ana kwashe mata. A dafa wa yara, a sayar wa mai shayi. Ba a bar mata ko ɗaya ta ƙyanƙyashe ba. Ita kuwa mai ɓoyo, wadda ta samu lungu a bayan gida, babu wanda ya taɓa nata. Idan ta tsira daga damo da muzuru, sai ta ɓace kwana 21, ta fito da 'yan tsaki a bayanta, gida ya ɗauki murna. To, 'ya'yan wace ce suka cika tsakar gida baɗi? Na mai ɓoyo. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Masana kiwon kaji sun gano cewa son shiga wurin ƙwai yana da nasaba da gado. Ba gadon ne kaɗai ba, akwai sabo da yanayin wuri, amma jini yana da nasa rabo. A ƙasashen Tarayyar Turai an hana tsare kajin ƙwai a ƙananan kejin ƙarfe na da tun shekarar 2012. Da kaji da yawa suka koma yawo a ƙasa cikin manyan ɗakuna, sai matsalar ƙwan ƙasa ta taso musu kamar yadda take a wurinmu. Kamfanonin da ke fitar da iri suka koma maƙala wa kowace kaza wata 'yar na'ura a ƙafa, wadda ke nuna wace ce ta shiga wurin ƙwai da kuma lokacin da ta shiga. Daga cikin masu shiga suke zaɓen iyaye. Mu ba mu da na'urar, amma muna da ido, da zare, da fensir. Kajinmu kuma ba su da yawan da za a kasa gane su.

A fara gyara wurin

Ba adalci ba ne a ce kaza mai ɓoyo ce alhali ba a ba ta wurin kirki ba. Kaza tana ɗaukar kimanin awa 25 kafin ta haɗa ƙwai ɗaya, kuma yawanci da safe zuwa hantsi take yinsa. Idan lokaci ya matso za ki ga ta kasa zama, tana kai da kawowa, tana leƙa lunguna. Abin da take nema shi ne wuri mai ɗan duhu, marar hayaniya, mai laushi a ƙasa.

Ki tanadi wuri ɗaya don kowaɗanne kaji 4 ko 5. Faɗinsa da tsawonsa da zurfinsa su kai kamar santimita 30, kusan tsawon rular 'yan makaranta. Akurkin ƙasa ya yi, fasasshiyar randa da aka kwantar ta yi, haka kwando ko kwali mai ƙarfi. Bakin kada ya kalli rana. A shimfiɗa ƙaiƙayi, ko ɓuntun shinkafa ga waɗanda ke kusa da injin casa kamar mutanen Kura da Haɗeja, ko busasshiyar ciyawa. Ki riƙa sa hannu kina dubawa. Idan kika ji ƙuma na bin hannunki, to ita ce ta kori kazar. A kwashe shimfiɗar a ƙone, a barbaɗa toka, a sa sabuwa.

Da dare kada a bari su kwana a wurin ƙwai, don za su ɓata shi da kashi. A gitta musu sanda su hau.

Horon sagara

Wurin da sagara ta yi ƙwanta na farko, can take son komawa. Don haka a ajiye akurki kafin ta fara, da kamar mako biyu. Kajin gona irin su Shika Brown, waɗanda cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta samar, suna farawa da kimanin wata biyar. Kazar Hausa takan kai wata shida ko fiye. Alamar ita ce zanko ya yi ja ya cika, kuma ƙasusuwa biyu da ke gefen mafitar ƙwai su buɗe har yatsu biyu su shiga tsakaninsu.

A bar ƙwai ɗaya mai alama a cikin akurki, ko farin dutse mai sulɓi, domin kaza tana son inda ta ga wata ta riga ta. A mako biyun farko kada a sake su sai rana ta ɗaga sosai. Ƙwan da kika tsinta a ƙasa ki ɗauke nan take, ki toshe lungun da itace ko ƙaya.

Karanta wannan hira

"Inna, wannan wake-waken fa ta fi kowa ƙiba. Ita za mu bar wa ƙwai?"

"A'a, 'yar nan. Sau nawa kika gan ta a akurki?"

"Gaskiya ban taɓa gani ba. Kullum sai na bi kyarkyararta zuwa bayan rumbu."

"To, ki ɗaura wa ja ɗin can zare. Ita ko ba a tsare ta ba tana shiga da kanta. Wake-waken kuwa mu kai ta Dambatta ranar Lahadi."

Zare da littafi

Ki ɗaura wa kowace kaza zare mai launi daban a ƙafa, sako-sako don kada ya ci mata fata. A littafinki ki ja layi uku: launin zare, ƙwan akurki, ƙwan waje. Duk wanda kika gani ki ja sanda ɗaya a gidansa. Kazar Hausa takan yi ƙwai 10 zuwa 15 kafin ta kwanta, saboda haka zubi biyu sun isa ki san halinta.

Wadda za a bar wa iri ita ce mai shiga akurki, mai yawan ƙwai, mai ƙarfin ɓawo, mai lafiya. Idan kina son 'yan tsaki daga kazar gida, ki ƙara da wadda ke zama a kan ƙwai har ta ƙyanƙyashe, ba ta tashi ta bar baragurbi. Ki tara ƙwanta na kwana 7, kada ya wuce haka. Ki rubuta kwanan wata da fensir a jiki, ki ajiye a wuri mai sanyi kamar gindin randa, tsinin yana kallon ƙasa. Ƙwai 10 zuwa 12 sun ishi kaza ɗaya. Mai ɓoyo ma tana da amfani: idan ta yi kwanci, a ɗauke nata da dare a sa mata na zaɓaɓɓiyar, ko na zabi idan damina ce.

Zakara shi ne rabin iri, kuma shi aka fi mantawa. Ba ya yin ƙwai, amma yana ɗauke da halin uwarsa zuwa ga 'ya'yansa mata. Ki bar ɗan kazar da kika yarda da ita, zakara ɗaya ga kaji 8 zuwa 10. Duk shekara ko biyu ki yi musaya da wata maƙwabciya mai lura irin taki, don kada ya riƙa bin 'ya'yansa iri ya raunana. Bayan an sauya zakara a jira mako uku kafin a tara ƙwan kwanci, domin irin tsohon zakaran yana daɗewa a jikin kaza.

Duk wannan wahala annobar hunturu tana iya share ta a mako guda. Kafin sanyi ya shigo ki nemi malamin dabbobi ya yi musu rigakafi. Akwai wanda ake ɗigawa a ido ko a sa a ruwan sha, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke Jihar Filato tana yinsa.

Aikin gida

Ki zagaya gidanku gobe da hantsi, ki rubuta sunayen wuraren da kika samu ƙwai ban da akurki. Ki ƙirga kajinki, ki raba da 5, ki ga wuri nawa ya kamata ki tanada. Sannan ki ja layukan nan uku, ki cike su har kwana bakwai, ki zo da littafin aji mako mai zuwa.