Yadda ake tayar da tsohuwar Fijo 504 da ta daɗe a kwance

Da wuya ka ratsa gari a ƙasar Kano ko Jigawa, daga Bichi zuwa Ringim, ba ka ga tsohuwar Fijo a gindin darbejiya ba, tayoyi sun sace sun nutse a ƙasa, kaji na shan inuwa a ƙarƙashinta. Yawanci 504 ce. A Faransa aka fara ƙera ta a 1968, kamfanin PAN na Kaduna kuma, wanda ya soma haɗa motoci a 1975, ya ci gaba da fitar da ita har 2006, bayan Turawa sun daɗe da dainawa. Shi ya sa ga mai sha'awar raya tsohuwar mota babu wadda ta kai ta sauƙi. Kayanta ba su ƙare a kasuwa ba, babu kwamfuta a jikinta, kuma duk bakaniken da ya fara furfura a kanta ya koyi aiki.

Sai dai aikin yana da jeri. Masu farawa su watsar, jerin suke juyawa: su soma da fenti da kushin, kuɗi ya ƙare, inji bai ko yi tari ba. Jerin da zan bi a nan shi ne takarda, ƙarfe, inji, birki, sannan ado.

Da farko, san ta wane ne

A ƙauye irin wannan mota galibi ta gado ce. Yau babu mai kallonta, amma ranar da ta sha fenti ta fito tana sheƙi, kowa zai tuna yana da rabo a ciki. Kafin ka kwance ko noti ɗaya, je wajen babban gidan ka ce, "Kawu, motar marigayi nake so in gyara. A yi mata kuɗi a gaban kowa, in biya." A rubuta, magada su sa hannu, mai unguwa ko liman ya shaida. Ka nemi tsofaffin takardunta, ka gwada lambar casis da ta inji da abin da ke rubuce, domin za a buƙace su wajen sabunta lasisi.

Duba ƙarfen kafin ka kashe sisi

Inji ana gyara shi ko a sauya, amma bodin da tsatsa ta cinye cin kuɗinsa ba ya ƙarewa. Ɗauki sukudireba da tocila. Ɗaga shimfiɗar ƙasa ka caccaki daɓen da direba ke ɗora ƙafa, da na cikin but, da mazaunin batir, da gefen ƙasa na ƙofofi, da inda kan shakazoba ya kama bodi a ƙarƙashin bonet. In ƙarfen ya yi ƙara ya tsaya, lafiya. In sukudireba ta shige, wurin sai an yanke an yi walda. Motar da aka jingine kusa da indararo ko a inda ruwa ke kwanciya da damina ta fi kowace ruɓewa daga ƙasa. Ka kuma bi jikinta da maganaɗisu, irin na tsohuwar sifika ma ya isa. Duk inda ya ƙi kamawa, fila, wato ƙullun cike lotsawar bodi, aka cika a wani tsohon gyara.

In a-kori-kura ce, wadda ta sha lodin kasuwar Wudil ko Maigatari, leƙa casis ɗin ta baya ka ga ko ya tsage ko ya lanƙwasa.

Kada ka sa batir ka murɗa makulli

Wannan ita ce ɓarnar da aka fi yi a ranar farko. Injin da ya shekara biyar ko goma bai juya ba, bangon silindarsa ya bushe, wataƙila ringi ya manne. Kik ɗaya na iya karya ringi ko ya karce silinda. A ja motar ko a ɗora ta zuwa rumfar da za a yi aiki.

Fara da shara, kuma da sanda, ba da hannu ba, don maciji na son irin wannan wuri. Za ka tarar da sheƙar ɓera a bayan dashbod, wayoyi a gwaigwaye, zanzaro ya yi gini a gidan filtar iska, wani lokaci har cikin bakin salansa. Ɗauki hoton komai da wayarka kafin a cire, musamman wayoyi da tiyo. Notuna kuma a zuba su a gwangwanaye daban-daban da rubutu a jiki.

Sannan a cire fulogi huɗun, a zuba ɗan baƙin mai da aka sirka da man dizal a kowane rami, kamar cokali biyu, a bar shi ya kwana uku ko fiye. Bayan nan a sa sifana a babban notin gaban inji a gwada juyawa a hankali, gaba kaɗan, baya kaɗan. In ya ƙi, a ƙara mai a ƙara haƙuri. Kada a ɗaura dogon bututu a sifana a hau da ƙarfi, kada kuma a ja ta da tarakta a saki kuloci. In mako biyu ya wuce yana cije, sai a buɗe.

Ga abin da ya kamata ka tsaya a kai in an zo buɗewa. Injin 504 mai silif ne, wato kowace silinda zura ta aka yi, ruwa na zagaya ta, tof silinda, wato murfin saman inji, shi ke danne ta. Da zarar an ɗaga tof, in wani yaron gareji ya juya injin, silif zai iya ɗagowa, abin da ya toshe gindinsa ya saki, daga baya ruwa ya riƙa gangarawa cikin baƙin mai. Tsofaffin kanikawa sun san wannan, sukan danne silif da washa da noti kafin su taɓa komai. In ka ga bakaniken bai san da zancen ba, nemi wani.

In inji ya juya, zare sandar gwada mai. Baƙi ƙirin ba laifi. In ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga, kuma tof gaskit ne abin zargi na farko. A juye tsohon man, a sa sabo da sabuwar filta.

Fetur da wuta

Tsohon fetur yakan zama danƙo mai wari. A sauke tanki a wanke, a duba tsatsar ciki. Kafin ya dawo, a ba injin mai daga ƙaramar jarka da sabon tiyo. Kafireta a kwance ta gaba ɗaya, a jiƙa, a hura kowace jet da iska. Sakace jet da waya yana faɗaɗa ramin, mota ta koma shan mai har abada. Famfon mai yana da roba a ciki wadda zama ke busarwa, a sauya ta.

Wuta ba ta da wahala a wannan mota: kwayil, distirbuta, kwantak, kondensa, fulogi. Tazarar bakin kwantak milimita 0.4 ce. Jerin tashin wuta 1-3-4-2 ne, amma Faransawa daga ɓangaren giya suke fara ƙirga silinda, ba daga gaban fanka ba. Wanda ya saba da motocin Japan yakan ruɗe a nan.

Ranar tayarwa, a fara juya injin da kik ba tare da fulogi ba har jar fitilar mai ta mutu, alamar mai ya zagaya. Sai a mayar da fulogi. Ajiye bokitin yashi kusa, ka kori yara daga gaban mota. In ta tashi, kada a danna totur don a burge 'yan kallo. Hayaƙi zai turnuƙe da farko saboda man da aka zuba. Wanda ya ƙi yankewa bayan inji ya ɗauki zafi shi ne abin lura: shuɗi baƙin mai take ƙonawa, fari mai kauri ruwa ne, baƙi kuma fetur ya yi yawa.

Lagireto a kai a wanke, tiyo da fanbel duk sababbi. Ruwan rijiya yana barin ƙanzo mai toshe hanyoyi, don haka a sayi ruwan lagireto na kanti. Kanikawanmu na son cire tamostat, wadda ke tare ruwa har inji ya ɗauki zafi, su ce ta ƙasar sanyi ce. Ni dai shawarata a sa mai kyau. Injin da ba ya kai zafinsa da safiyar hunturu yana shan mai, yana kuma saurin cinyewa.

Birki kafin titi

Nan babu tsimi. Man birki yana jan danshi, ya sa masta, wato famfon birki, da silindun ƙafa tsatsa daga ciki. A juye shi duka, a sauya robobi da tiyon roba, a bi bututun ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. Taya kuma ko zanenta bai goge ba, duba lambobi huɗu da ke gefenta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Wadda ta daɗe a rana ta tsattsage, ta tashi daga aiki. Wayarin a ba mai wayarin ya bi shi a natse, kuma duk fiyus ɗin da aka maye da zaren waya a cire. Haka motoci ke kamawa da wuta.

Sayen kaya

Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ita ce madogara. Tafi da tsohon abin a hannu, domin 504 iri-iri ce, mai injin 1.8 da mai 2.0, salun da wagon da a-kori-kura, kuma ba komai ke shiga juna ba. Roba, gaskit da filta a sayi sababbi. Amma fitila, madubi, hannun ƙofa, bamba da tambarin zaki, tsohon na asali ya fi sabon kwaikwayo nesa ba kusa ba, saboda haka kada ka yar da ko ɗaya. In ka ji 'yan gwangwan sun sayi wata za su yanka, yi maza ka riga wuta. Abin da za ka kwance a jikinta da rahusa, a kasuwa sai ka sha yawo. Masu cewa a jefa mata injin Toyota a huta suna da hujja in haya za ta yi. In don sha'awa ce, a bar ta da nata.

Sai yanzu fenti

Bayan ta yi 'yan makonni tana tafiya tana tsayawa lafiya, sai a kira mai walda. A sauke tanki, a cire batir kafin a kunna wuta. Inda ya ruɓe a yanke a sa sabon ƙarfe, fila don gyara fuska ce kawai, in ta yi kauri zafin bazara zai fasa ta. A kankare, a sa firaima, a shafe ƙarƙashin motar da maganin tsatsa. Launinta na asali yakan ɓoye a cikin but ko ƙarƙashin robar ƙofa, daga nan za a haɗa. Kada a fesa a fili lokacin ƙurar hunturu ko ranar da hadari ya haɗo. A samu ɗaki, a yayyafa ruwa a ƙasa. Kushin da rufin ciki su ne na ƙarshe, don kada ƙurar fenti ta ɓata su.

Ajiyarta kuma a rumfa mai daɓe, nesa da rumbu da buhunan hatsi, don inda hatsi yake nan ɓera yake. Leda ko tamfol da aka lulluɓa har ƙasa yana riƙe danshi da damina, gara yadi mai shan iska. Duk mako a fita da ita ta yi tafiyar da inji zai ɗauki zafi sosai, a taka birki, a shiga kowace giya. Filtar iska a riƙa kakkaɓe ta akai-akai lokacin ƙura, baƙin mai kuma a sauya shi ko da sau ɗaya a shekara, ko ta yi tafiya ko ba ta yi ba.