Yadda ake shirin fuskantar mahaukaciyar guguwa, da yadda ake auna labaran da ake bayarwa a kanta

A farkon watan Yulin 2024 yayata ta zo gidana a Tudun Wada bayan sallar la'asar, waya a hannu, ko mayafinta ba ta tsaya ta gyara ba. An turo mata wani bidiyo a WhatsApp da ke nuna iska tana ɗaga rufin gidaje, a ƙarƙashinsa an rubuta cewa guguwar Beryl mai mataki na 5, wato mafi ƙarfi, ta nufi jihar Teksas ta Amurka, inda ɗanta yake karatu a birnin Houston. Na ce mata, "Yaya, zauna tukuna mu duba daga tushe." Da muka duba sai muka ga lallai Beryl ta kai mataki na 5, amma a tekun Karebiyan ne kwanaki kafin nan, kuma ƙarfinta ya riga ya ragu. Hankalinta ya kwanta, ni ma nawa ya kwanta, kuma a nan muka yi kuskure na biyu. Ranar 8 ga Yuli guguwar ta sauka gaɓar Teksas tana mataki na 1, mafi ƙanƙanta ke nan, amma ta katse lantarki a gidaje da wuraren kasuwanci fiye da miliyan 2, wasu suka haura mako guda cikin tsananin zafi babu wuta, har aka rasa rayuka. Yaron ya tsira lafiya, amma ya yi kwanaki yana neman inda zai yi cajin waya domin bai tanadi komai ba.

Mu a Zariya irin wannan guguwa ba ta iso mana, domin a kan ruwan teku mai ɗumi take samun ƙarfi, ruwan da zafinsa ya kai kimanin digiri 26 zuwa 27, kuma da zarar ta hau tudu sai ta fara mutuwa. Amma muna da 'ya'ya da ƙanne da tsofaffin ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello a Teksas da Fulorida da sauran jihohin gaɓar Amurka, kuma duk shekara daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, lokacin da ake ƙirga wa guguwar tekun Atilantika, gidaje da yawa a nan suna kwana da fargaba. Akwai ma wata alaƙa da ba kowa ya sani ba: hadarin nan da ke taso mana daga gabas da damina, irinsa ne ke ratsa Afirka ta Yamma ya faɗa teku ta wajen Senigal, kuma da yawa daga cikin manyan guguwowin da ke afka wa Amurka daga irin wannan hadari suke somawa.

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne lambar matakin da kafafen labarai suke sa wa a kanun labari. Ma'aunin Saffir-Simpson, wanda da shi ake ba guguwa wannan mataki, ƙarfin iska kaɗai yake aunawa. Mataki na 1 yana farawa daga gudun kilomita 119 a awa, na 3 daga 178, na 5 kuma daga 252 zuwa sama. Bai ce komai ba game da yawan ruwan saman da za a yi, ko faɗin guguwar, ko saurin tafiyarta, ko tsayin ruwan da teku zai turo cikin gari. Alhali binciken masana yanayi na Amurka ya nuna kusan tara cikin goma na waɗanda irin wannan guguwa ta kashe kai tsaye a can, ruwa ne ajalinsu. Katrina ta kai mataki na 5 a teku a 2005, ta sauka tana mataki na 3, wasu suka ɗauka abin ya yi sauƙi, sai madatsun da ke kare New Orleans suka ɓalle, ruwa ya mamaye kusan kashi 80 cikin 100 na birnin, aka rasa mutane fiye da 1,300. Harvey a 2017 ta tsaya cak a kan kudancin Teksas bayan iskarta ta lafa, ta zubar da ruwan da ya haura milimita 1,500 a wani wuri cikin 'yan kwanaki, wato fiye da abin da Zariya ke samu tun daga ruwan farko har zuwa ɗaukewar damina. Helene a 2024 a Fulorida ta sauka, amma mummunar ɓarnarta a tsaunukan Carolina ta Arewa ta yi, ɗaruruwan kilomita daga bakin teku. Saboda haka idan mai karanta labarai ya ce guguwa ta ragu daga mataki na 4 zuwa na 2, abin da ya faɗa gaskiya ne, amma bai amsa tambayar da ta fi muhimmanci ba, wato ruwa nawa zai isa unguwar da ɗanka yake.

Amsar wannan tambaya tana wurin Cibiyar Kula da Guguwa ta Ƙasar Amurka da ke birnin Mayami, da kuma ofishin hasashen yanayi na yankin da mutum yake. Cibiyar tana fitar da cikakkiyar sanarwa sau huɗu a rana, kuma a agogon Najeriya lokutan sun yi daidai da ƙarfe 4 na asuba, 10 na safe, 4 na yamma da 10 na dare, sannan tana ƙara wasu a tsakani idan guguwar ta kusanto ƙasa. Duk labarin da aka turo maka, ka fara duba ranarsa da lokacinsa, domin hasashen da ya kwana biyu ya zama tsohon zance. Sanarwar iri biyu ce. Ta zama cikin shiri tana fitowa ne awa 48 kafin lokacin da ake jin iska mai ƙarfi za ta iya farawa, ta gargaɗi kuma awa 36, kuma ma'anarta ana sa ran abin zai faru. Ana fitar da sanarwa ta daban a kan tumbatsar teku, wata kuma a kan ambaliyar ruwan sama, kuma a ganina su ya kamata a fara karantawa.

Sai zanen nan mai kama da ƙaho da ake nunawa a kan taswira. Mutane da yawa suna ɗauka girman guguwar yake nunawa, ko kuma duk wanda yake wajensa ya tsira. Abin da yake nunawa kawai shi ne inda ake jin tsakiyar guguwar za ta bi, kuma an zana shi ne yadda tsakiyar za ta kasance a ciki kimanin sau biyu cikin uku. Iska da ruwa suna kaiwa nesa da gefensa ƙwarai.

Ban yarda da masu cewa 'yan jarida zuzutawa kawai suke yi ba, haka kuma ban yarda a ɗauki duk abin da suka nuna a matsayin halin da gari duka yake ciki ba. Gidan talabijin yakan kai wakilinsa inda iska ta fi kaɗawa, ya maimaita hoton gida ɗaya da ya rushe sau ashirin a yini, saboda abin da ke riƙe mai kallo ke nan. Hoton na gaskiya ne, sai dai birni kamar Houston yana da faɗi sosai, kuma unguwa ɗaya na iya nutsewa wata tana tsaye a bushe, kamar yadda ruwa zai cika gidajen da ke bakin Kubanni alhali mutumin Samaru bai san ana yi ba. Labarin da ya cancanci amincewa yakan ambaci sunan unguwa ko gunduma, ya faɗi tsayin ruwan da ake sa rai, ya faɗi hukumar da ta ba da adadin. Wanda ya cika da kalmomin razanarwa babu wuri babu lokaci, a ajiye shi gefe. Mafi muni su ne hotunan ƙarya. Akwai wani hoton kifin shak yana iyo a kan babban titi da ake ta yaɗawa tun 2011, duk guguwar da ta zo sai a sauya masa sunan gari, kuma a lokacin Helene an yaɗa hoton wata yarinya tana kuka rungume da ɗan kwikwiyo wanda na'ura ce ta ƙirƙire shi. Kafin ka tura irin wannan cikin zauren 'yan uwa, ka tuna akwai uwa a ciki mai hawan jini.

Shirin kansa ba shi da wuya idan an fara da wuri. Wanda ke zaune a can ya san tun kafin damina ko gidansa yana cikin yankin da ake kwashe mutane, domin hukumomi sun raba gaɓar teku shiyya-shiyya, kuma da sunan shiyya ake ba da umarnin tashi. Idan umarni ya shafe ka, ka tashi a kan lokaci, ba sai ka ga alamar hadari ba, domin sararin sama yakan kasance tas kwana ɗaya kafin abin ya iso. Idan kuma bai shafe ka ba, kuma gininka mai ƙarfi ne a kan tudu, zama ya fi, saboda a lokacin guguwar Rita a 2005 miliyoyin mutane sun fito daga Houston lokaci guda, hanyoyi suka cushe cikin zafi, mutane kusan 100 ko fiye suka mutu a wajen gudun. Ba lallai ne a yi tafiyar ɗaruruwan kilomita ba, abin da ake buƙata shi ne a fita daga inda ruwa zai kai.

Mai zama ya tanadi ruwan sha kimanin lita 4 ga kowane mutum a kowace rana, na aƙalla kwana uku, na mako guda ya fi, sannan ya cika bahon wanka da bokitai domin alwala da bayan gida. Abinci ya zama wanda ba ya buƙatar girki, irin su garin kwaki, dabino, gyaɗa, biskit da kifin gwangwani. A sayi maganin da ake sha kullum wanda zai kai mako biyu, a cika tankin mota, a ciro tsabar kuɗi domin kati ba ya aiki idan babu wuta, a yi cajin waya da fawa bank, a nemi tocila da rediyo mai batir. Fasfo da takardun makaranta da na izinin zama a sa su cikin leda a ƙulle, a kuma ɗauki hotonsu a tura wa wani amintacce a gida. A shigo da duk abin da iska za ta iya ɗauka daga waje. Liƙa salatif a gilashin taga ba ya hana shi fashewa, katako ko murfin taga ne ke karewa. Firij yana riƙe sanyi kimanin awa 4 idan ba a buɗe shi ba, firiza cikakke kuma kwana biyu.

Janareta kuwa mun san shi, amma sabo ne ke sa a yi masa sakaci. Hayaƙinsa yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari, kuma bayan guguwar Laura a 2020 mutane da dama sun mutu ta wannan hanya bayan sun tsira daga iskar. A ajiye shi a waje, nisan mita 6 daga ƙofa da taga, kada a kunna shi a gareji ko da ƙofar a buɗe take.

Idan guguwar ta iso, a zauna a ɗaki na tsakiya marar taga. Idan iska ta tsaya cak ba zato, mai yiwuwa idon guguwar, wato tsakiyarta, ne ke wucewa, kuma za ta dawo daga ɗaya ɓangaren da ƙarfinta, don haka kada a fita. Idan ruwa ya shigo gida a hau bene, idan ya matsa a hau kan rufin, amma kada a shiga cikin silin inda babu mafita. Bayan ta wuce, kada a ratsa ruwan da ke gudu a kan titi: zurfin santimita 15 yana kayar da babban mutum, na 30 yana ɗaukar ƙaramar mota, kuma ba a san inda wayar lantarki ta faɗi a ciki ba.

Mu da ke gida, aikinmu mu tsara magana tun kafin layi ya katse. A zaɓi mutum ɗaya a cikin dangi wanda zai riƙa tuntuɓar na can, shi kuma ya sanar da sauran, maimakon mutum goma sha biyar su yi ta kira suna cinye masa batir. Saƙon rubutu yakan shiga a lokacin da kira ya gagara. A karɓi lambar wani maƙwabcinsa ko limamin masallacin da yake zuwa, a rubuta cikakken adireshinsa da sunan gundumarsa, domin da shi za a duba sanarwar da ta shafe shi. A kuma yarda tun farko cewa shirun kwana ɗaya ko biyu yawanci rashin wuta ne da rashin sabis. Yayata yanzu tana da adireshin ɗanta rubuce a bayan kalandar ɗakinta, tare da lokutan nan huɗu na sanarwa, kuma da Yuni ya kama takan kira shi ta tambaye shi ko ya sayi ruwan.