Yadda za ka nemo IC ɗin da kamfani ya daina yi

Da farko ka kwafe lambar da ke jikin IC ɗin (wato ɗan guntun lantarki mai ƙafafu da ake dasawa a allon na'ura) gaba ɗaya, har da haruffan ƙarshe, don harafi ɗaya kawai zai iya canja maka girman jiki ko yawan ƙafafu. Sai ka zuba ta a Octopart, shafin intanet na neman kayan lantarki, ka ga dilan da har yanzu yake da ragowa.

In manyan dilolin kayan lantarki Mouser da DigiKey sun ce ta ƙare, ka leƙa Rochester Electronics, su aikinsu kenan, ajiye kayan da aka daina yi da izinin kamfanin da ya ƙera su.

In dole sai dillalin da ba shi da izini, to nan fa ka buɗe ido sosai, ka ce ya turo hoton kayan da lambar kwanan da aka yi su, yawanci lamba 4 ce, 2 na shekara 2 na mako, kuma ka fara sayen kaɗan ka gwada kafin ka zuba kuɗi. In sun iso ka goga auduga mai asiton (sinadarin da ke narkar da fenti) a saman IC ɗin, in baƙi ya fito a audugar to an sake masa fenti ne, jabu ne, mayar wa dillalin kawai.