Yadda ake tada motar manuwal da turi idan kik ya ƙi aiki

Aikin kik sitata guda ɗaya ne: ya juya inji har wuta da fetur su haɗu ya kama da kansa. Idan an tura mota, tayoyi ne ke yin wannan juyin, ƙarfin ya bi ta giya da kulochi ya isa inji. Iyakar abin da turi yake maye gurbinsa ke nan. Ba ya kawo wuta, ba ya kawo mai. Don haka kafin ka tara jama'a, saurari abin da motar take yi idan ka murɗa makulli.

Idan ka ji "ƙas" sau ɗaya, fitilun dashbod kuma suna nan da haskensu, yawanci buroshin kik (ɗan gawayin da ke kai wuta cikinsa) ne ya cinye ko solonoid (makunnin da ke jona kik da wutar batir) ya gaji. Idan kik yana "wiii" shi kaɗai inji bai motsa ba, bendis (ƙaramin giyan bakin kik) ne ba ya cafkar haƙoran fulaiwil (babban faifan da ke bayan inji). A waɗannan biyun turi zai yi aiki sarai. Amma idan ƙarar ta zo a jere, "kar-kar-kar", fitilu suna dusashewa, batir ne ya yi sanyi ko kan batir ya yi tsatsa ko ya saki. Fara da goge kan batir ka ɗaure shi, sau da yawa maganar a nan take ƙarewa. Lafiyayyen batir yana nuna bolt 12.6 idan mota na kashe. Wanda ya ɗan sauka zai iya ɗaukar turi, amma wanda ya mutu murus har fitilar dashbod ba ta kamawa, to motar injekta (mai fesa fetur da kwamfuta maimakon kabureta) ba za ta tashi ba ko da ƙarti goma ne suka tura, domin famfon fetur da kwamfutar inji da abin da ke gane makulli duk wutar batir suke ci. Wannan sai a jona mata wani batir.

Akwai dabarar da ta fi turi sauƙi idan buroshi ne. Sa giya a firi, ka ja hambirki, wani ya riƙe makulli a murɗe, kai kuma ka ɗan ƙwanƙwasa jikin kik da wilsifana. Ƙwanƙwasawa aka ce, ba duka ba, don kik ɗin zamani maganaɗisu ne a cikinsa, yana fashewa.

Idan sai an tura, nemi hanya mai kyau marar gargada wadda ba cunkoso, da fili a gaba kamar mita 50 ko fiye. Gangara kaɗan ta fi komai. Yashi da laka ɓata ƙarfi ne, taya za ta ja ƙasa kawai maimakon ta juya inji. Mutum biyu ko uku sun isa ƙaramar mota irin Golf ko Starlet, bas kamar Hiace kuwa tana son huɗu zuwa sama. Su dafa ginshiƙan jikin mota ko gefen but inda ƙarfe yake da ƙwari, kada su dafa gilashi ko fitila.

Direba ya zauna a kujerarsa. Masu turawa ta ƙofa da hannu ɗaya a sitiyari, su yi tsalle su faɗa ciki idan ta ɗau gudu, kasada suke yi da ƙafafunsu. Murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod suke kamawa duka, ka dakata daƙiƙa biyu ko uku har ka ji famfon fetur ya gama kukansa. Wannan matakin ne aka fi mantawa: a yi ta turi makulli na kashe, ga kuma sitiyari zai iya kullewa mota tana tafiya. Idan mai maɓalli ce, danna shi ba tare da ka taka kulochi ba har fitilun su kama. Kashe AC da rediyo da manyan fitilu. Sai ka taka kulochi har ƙasa, ka sa giya ta biyu, ka sauke hambirki, ka ce a tura.

Me ya sa ta biyu ba ta ɗaya ba? A giya ta ɗaya tayoyi sai sun yi aiki mai nauyi sosai kafin su juya inji, shi ya sa mota ke turjewa ta fizge, masu turi su gwara ƙirji da but. Ta uku kuma tana juya inji a hankali ƙwarai sai idan gudun ya yi yawa, kamar a doguwar gangara. Ribas yana yi idan hanyar baya kaɗai gare ka, amma fizgarsa irin ta giya ta ɗaya ce, ga wahalar ganin hanya.

Bari motar ta kai gudun mai sassarfa, wajen kilomita 10 zuwa 15 a awa. Yawancin waɗanda turi ke ba wahala gaggawa suke yi, suna sakin kulochi mota tana rarrafe. Da ta kai, saki kulochi da sauri, ba a hankali irin na tashi daga danja ba, domin sakin a hankali goga faranti kawai yake yi ya cinye gudun. Za ka ji mota ta girgiza, inji ya yi tari. Da zarar ya kama, mayar da ƙafa kan kulochi har ƙasa nan take, ka ɗan ba ta totur, sannan ka taka birki ka mayar da giya firi. Idan ka bar kulochi a sake, ko dai ta sake mutuwa ko ta zabura da kai. Idan cikin daƙiƙa biyu bai kama ba, taka kulochi a sake tara gudu. Motar injekta ba ta bukatar a yi ta famfa totur kafin ta kama. Tsohuwar mai kabureta irin Fijo 504 ce ke son a taka sau ɗaya ko biyu, a ja cok (abin da ke rage iskar da ke shiga kabureta) idan da sanyi.

Ka sani cewa kafin inji ya tashi birki ba shi da mataimaki. Taku biyu ko uku na farko za su yi laushi, daga nan feda ta yi tauri, sai ka danna da ƙarfin gaske. Sitiyari ma nauyi zai yi. Shi ya sa gangara mai tsayi wadda ta ƙare a mahaɗar hanya ba wurin gwaji ba ce. Ja da igiya kuma ya fi turi haɗari, don inji na kamawa motar kan zabura ta daki ta gaba.

An gwada sau uku ko huɗu ba ta tashi ba? A tsaya, matsalar ba ta kik kaɗai ba ce. Kowane gwaji yana tura ɗanyen fetur cikin salansa, yana jiƙa filogi, yana kuma lalata katalis (matatar hayaƙi da ke jikin salansa) idan ya kama da wuta a can. Idan taimin bel (bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da na fistin) ya tsufa ko ya saki, fizgar na iya sa ya tsallake haƙori, a injuna da yawa kuwa hakan na nufin fistin ya daki bawul.

Motar dizal tana tashi da turi amma da wuya, saboda matsin injinta ya kusa ninka na fetur. Jira fitilar hita (alamar ɗumama silinda a dashbod) ta mutu tukuna, a nemi gudu sosai, wani lokaci giya ta uku ta fi. Otomatik kuwa kada ma a fara, ba ta da kulochin da zai haɗa taya da inji kai tsaye. Haka motar da ta mutu cikin ruwa lokacin damina: idan ruwa ya shiga silinda, turi zai lanƙwasa kwanrod (sandar da ke riƙe fistin), gyaran kik ya koma sauke inji.

Bayan ta tashi kada ka kashe sai a gaban mai gyaran wayarin. Idan batir ne ya yi sanyi, tafiyar rabin awa za ta ɗan farfaɗo da shi muddin altaneta na caji. Kik kuwa tafiya ba ta gyara shi. Idan dole ka tsaya a hanya, faka a gangara, gaba na kallon ƙasa, ba mota a gabanka. Ka ce wa mai gyara ya kwance kik ya duba buroshi da bushin da solonoid, ya kuma duba wayar as (wadda ke haɗa batir da jikin mota) da rile kafin a yi maganar sayen wani, don sau da yawa canjin buroshi kaɗai ya wadatar.