Darasi: Surfanin Siliki na Ƙasar Sin Mai Kama da Zane

A karanta a hankali, a maimaita.

A ƙasar Sin akwai wani irin surfani da ba don sawa a jiki ake yin sa ba. A kan ƙyallen siliki ake ɗinka shi, a rataye a bango ko a adana shi cikin kundi. Idan ka hango shi daga nesa, sai ka rantse da buroshi aka zana shi. Sai ka matso kusa ka ga ashe zare ne.

Matan gidan Gu da ke birnin Shanghai ne suka yi suna da wannan aiki a zamanin daular Ming. Fitacciya a cikinsu ita ce Han Ximeng. A shekarar 1634 ta kammala wani kundi inda ta kwaikwayi zane-zanen magabata na zamanin daulolin Song da Yuan da allura. Wani wurin sukan ɗan shafa launi da buroshi, sauran kuma su bar wa zare.

Ga inda wahalar take. Mai zane yakan gauraya launi biyu ya sami na uku, amma zare ba ya gaurayuwa. Dole mai allura ta jera zaruruwa masu kusancin launi, dogon ɗinki da gajere suna shiga cikin juna, har ido ya kasa gane inda duhu ya ƙare haske ya soma. Don haka take tsaga zare ɗaya gida 2, gida 4, gida 8, har 16, wasu ma su wuce nan. Da mafi siriri ake ɗinka wutsiyar kifi, don a ga kamar ruwa na kaɗa ta. Dutse da kututturen itace kuwa zare mai kauri suke so. Siliki kuma yana da sheƙi, saboda haka da an sauya inda ɗinki ya fuskanta, sai launin ya sauya a ido. A ganina wannan shi ne abin da buroshi ba zai taɓa iyawa ba.

Daga baya Shen Shou (1874–1921), gwanar surfanin birnin Suzhou na ƙasar Sin, ta shigo da inuwa da haske irin na zanen Turawa, har aikinta ya sami lambar yabo a baje kolin San Francisco ta Amurka a 1915.

Aikin yi: Kowa ya zo da zaren surfani mai launi ɗaya iri uku: mai duhu, matsakaici da mai haske. A tsaga kowanne gida 2, a zana ganye ɗaya a kan farin ƙyalle, a cike shi daga tushe zuwa baki. A wanke hannu tukuna, domin gumi na ɓata zare.

Rubuta amsa: Me ya sa ake tsaga zaren?