Yadda ake tsara hoto kafin a taɓa fenti: aikin ɗalibi a marinar Ƙofar Mata

Duk ƙarshen zango sai na ga abu iri ɗaya. Ɗalibi ya iya zana hannu, ya iya haɗa launi, amma ya kawo hoton da ido bai san inda zai sauka a cikinsa ba. Ba rashin gwaninta ba ne, gaggawar buɗe fenti ce. Tsarin hoto, wato inda kowane abu zai zauna da yawan filin da zai ci, a kan takarda ake gama shi. Bari mu ɗauka an ba ka aikin zana wata sana'ar gargajiya, kai kuma ka zaɓi marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake cewa tana nan tun 1498.

Da farko, ka zaɓi angon hoton, wato abin da kake so ido ya fara sauka a kansa. Je ka wurin da safe, ka gaida masu rini, ka nemi izini kafin ka fito da fensir ko waya. Za ka ga ramuka jere-jere, da tsibin toka, da yadi a shanye, da masu ciniki. Kowanne zai ce ka zana shi. Kada ka yarda. Ba a sarki biyu a gari ɗaya, haka ma a hoto. Ka rubuta jimla guda a bayan littafinka, misali: "Dattijo yana tsamo yadi daga rami." Duk abin da bai taimaki wannan jimla ba, ko dai ya koma baya ya dushe, ko ya fita gaba ɗaya.

Na biyu, ka yanke taga. Samo kwali, ka huda masa taga mai kusurwa huɗu daidai da fasalin allon da za ka yi aiki a kai: idan allon santimita 60 ne da 90, tagar ta zama 6 da 9. Rufe ido ɗaya ka leƙa. Matsa kusa, ja baya, tsuguna, juya kwalin a tsaye da a kwance. Tsugunawa nakan fi ba ɗalibai shawara a marina, domin daga ƙasa bakin ramukan kan zama kamar ƙwai a kwance, suna ƙanƙancewa suna tafiya, su ja ido zuwa ciki ba tare da ka sha wahala ba.

Na uku, ƙananan zane-zane. A nan aikin yake, kuma nan ne kowa ke son tsallakewa. Ka zana akwatuna kamar goma, kowanne bai fi kwalin ashana ba. Cikin kowanne ka gwada wani zama dabam, minti biyu kacal, babu ido babu hanci, dunƙule-dunƙule kawai. Ka raba akwatin gida uku a tsaye, gida uku a kwance, irin layukan da kyamarar waya ke nunawa, ka ɗora kan dattijon kusa da inda layuka biyu suka haɗu. Wani Bature ɗan Ingila, John Thomas Smith, ya rubuta wannan ƙa'ida ta kashi uku tun 1797. Tana da amfani ga mai koyo, amma ba aya ba ce. Abin da take hana ka shi ne dasa mutum a tsakiya kamar hoton fasfo.

To, idan ka kai dattijon gefen dama, ai hoton zai rinjaya. Yaya za a yi? Dubi babbar riga. Aikin aska takwas yana tattare ne a ɓangaren aljihu, mai yawa, mai nauyi, ɗaya ɓangaren kuma sai zagayayyen tambari da fili. Ɓangarorin ba iri ɗaya ba ne, amma ba wanda ya taɓa cewa rigar ta karkace. Maɗinkanmu sun san wannan tun kafin a kawo mana littafin koyon zane. Kai ma haka za ka yi: babban mutum a dama, sai ɗan ƙaramin abu can nesa a hagu, yaro da bokiti ko farin yadi a kan igiya, fili kuma a tsakaninsu. Kada ka ji tsoron filin. Ido ma yana son wurin hutawa.

Na huɗu, haske da duhu. Zaɓi uku mafi kyau cikin ƙananan zane-zanen, ka cike su da gawayi ko fensir mai laushi, da mataki uku kawai: fari, toka-toka, baƙi. Inda fari ya fi haske kuma baƙi ya fi duhu suka yi karo, nan ido zai fara zuwa, don haka ka sa wannan karo a kan angonka: farar hula a gaban inuwar katanga, ko yadin da bai gama shiga baba ba a bakin baƙin rami. Ka ɗan kanne ido ka duba. Idan komai ya narke ya zama toka ɗaya, launi ba zai cece ka ba. Ka nemi hotunan Yusuf Grillo, ɗaya daga ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 tare da su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya. Da yawansu shuɗi ne ya mamaye su, amma kowane mutum a tsaye yake daram, saboda an raba haske da duhu yadda ya kamata.

Ina ɗalibi na taɓa shafe mako uku a kan hoton kasuwa. Malaminmu ya zo, bai ce uffan ba, ya juya shi kai ƙasa, ya miƙo mini madubi. Sai ga falwaya ta tsiro daga tsakiyar kan mai tallar fura kamar ƙaho. Tun ran nan nake duba inda abubuwa biyu suka shafi juna a baki: ko su hau kan juna sosai, ko su rabu sosai.

Na biyar, ka kwashe wanda ya fi kyau cikin ukun zuwa babban allo. Ja layukan kashi uku ɗin nan a kan allon da gawayi, ka kwafe gida-gida. Sannan ka shafa fenti tsararo mai launin ƙasa, ka sa duhun da hasken kafin kowane launi.

Launi shi ne na ƙarshe. Shuɗi zai ci mafi yawan hoton, sai ka ba shi kishiya kaɗan: ruwan goro ko jan ƙasa, a kusa da dattijon, ba a ko'ina ba. Abin da ke nesa ka rage masa kaifi ka dusashe shi, kamar yadda hazon hunturu ke yi wa Dala idan ka hango ta daga nesa. Fara da babban burushi, ƙaramin sai ranar ƙarshe, shi ma a kan hannun dattijon da fuskarsa kaɗai. Idan fentin mai kake amfani da shi, ka bar kwanaki kafin ranar miƙa aiki, don ba ya bushewa da wuri kamar akirilik, wato fentin da ake sirkawa da ruwa. Ranar kuma ka tafi da ƙananan zane-zanen nan goma, ka manna su a kwali ɗaya kusa da hoton, domin malami zai tambaye ka dalilin da ya sa dattijon yake dama.